Zuwa Sapporo a tsakiyar dusar ƙanƙara da 'yar shekara biyar: in tafi ko in dakata?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke zaune a Japan ko suka taɓa zuwa. Maigidana yana digiri na uku a Jami'ar Hokkaido da ke Sapporo, ɓangaren cututtukan dabbobi. Shekara biyu ke nan rabonmu da shi in ba ta waya ba. Bizarmu ta fito ni da 'yata mai shekara biyar, kuma yana so mu zo farkon Fabrairu, mu yi mako uku, mu ga bikin dusar ƙanƙara da ake yi a garin. Surukata ta ce sam, ba za a kai mata jika ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo ba, a bari sai lokacin zafinsu. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Ban taɓa fita waje ba sai Umara, sanyin da na sani bai wuce hunturun Kano ba. Mutum irina zai iya? Yarinya fa?

Injiniya_Kita18
Wa'alaikumus salam Maman Ilham. Na yi hunturu huɗu a Sapporo, biyu daga ciki da iyalina. Amsata a taƙaice: ki zo.

Sanyi kam akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. A Janairu da Fabrairu sau da yawa rana takan fito ta faɗi ma'auni bai haura sifili ba, da dare kuma yakan sauka wajen digiri 7 ƙasa da sifili, wani lokaci ya wuce 10. Dusar da ke sauka a garin a shekara takan kai kusan mita 5, ga shi mutanen garin sun kusa miliyan 2, kuma babu abin da ke tsayawa. Yara na zuwa makaranta, kasuwa na ci. Dalili shi ne an gina garin ne da sanin sanyin. Tagogi biyu-biyu ne, ɗakuna da hita mai amfani da kananzir ko gas, har ma na fi jin ɗari a gidan abokina a Tokyo fiye da ɗakina na Sapporo. Akwai kuma hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa, ana ce mata Chi-Ka-Ho, an buɗe ta a 2011, tana haɗa babbar tashar jirgin ƙasa da filin Odori da ke tsakiyar gari, daga nan kuma shagunan ƙarƙashin ƙasa su kai ki har unguwar Susukino ba ki taka ƙanƙara ba.

Abin da ke yawan kwantar da baƙi a asibiti shi ne santsi. Zan dawo kan wannan.

Likitar_Yara
Kafin a yi nisa: Maman Ilham, kin san rukunin jininta? Ina nufin AA ce, AS ko SS? Tana da asma? Ina tambaya ne domin sanyi mai tsanani yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, busasshiyar iska mai sanyi kuma tana tayar da asma. In tana da ɗaya daga ciki, maganar ta canza, sai kin zauna da likitanta tukuna.

Maman_Ilham
AA ce Likita, alhamdu lillah. Ba ta da asma, sai dai duk hunturu takan yi tari na kwana biyu.

Likitar_Yara
To madalla. Tarin hunturunmu yawanci ƙura ce ke kawo shi, can kuma babu ƙurar. Ki riƙe inshorar lafiya ta matafiya, kada ki taka jirgi babu ita, don mai bizar ziyara shi ke biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya. Ki tafi da man kaɗanya da yawa, iskar hita tana busar da fata da leɓe fiye da hunturu. In yatsunta sun yi fari sun ƙage, a saka su a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da ruwan zafi, ban da murzawa.

Anti_Balaraba
Ni dai ina bayan Hajiya surukarki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mene ne na gaggawa? Wanda ya yi haƙurin shekara biyu zai iya ƙara wata biyar. 'Yata, ki yi tunanin ranar da za ki dawo da yarinyar nan tana ko da mura ce, wa za a ɗora wa laifi? Zaman lafiya da uwar miji ya fi kallon ƙanƙara.

Ɗan_Damagaram
Anti, da girmamawa, akwai abin da ya kamata a sani. Bizar Japan ta shiga sau ɗaya wata uku ne wa'adinta daga ranar da aka buga ta. In ba a shiga ƙasar cikin wa'adin ba ta mutu, sai a sake tara takardu daga farko, har da waɗanda mijin zai sake aikowa daga can. Don haka "a bari sai Yuli" yana nufin sabon nema ne.

Anti_Balaraba
To wannan ban sani ba. Amma ko da haka, a lallashi tsohuwar, kada a tafi tana fushi.

Injiniya_Kita18
Na dawo kan santsi. Dusa sabuwa ba ta da matsala, kamar gari take, ko jiƙa tufafi ba ta yi sosai, kakkaɓewa ake yi. Matsalar ita ce wadda motoci da ƙafafu suka danne, ta ɗan narke da rana ta sake daskarewa da yamma, ta zama kamar gilashi. Wuraren da aka fi faɗuwa: kan fararen layukan tsallaka titi, bakin ƙofar shago, da inda ake sauka daga bas. Tafiyar ita ce gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, jiki ya ɗan rusuna gaba, hannu a waje ba cikin aljihu ba. Akwai wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi, ana samunta a shagunan tasha da na filin jirgi. A manyan mahaɗar tituna kuma za ki ga akwati da ƙananan buhunan tsakuwa, kyauta ne, kowa na iya ɗauka ya watsa inda ya ga santsi.

Kada ki sayi takalmin sanyi a Kano ko Abuja. Ki aika wa maigida awon ƙafarki da na yarinya da santimita, don da shi suke auna takalmi, ya sayo na can ya tarye ku da su a filin jirgin New Chitose tare da manyan riguna.

Bajoshiya
Ni a Jos na tashi, kuma na je Sapporo taron kwana biyar a wata Janairu. Sanyin Jos da wannan ba iri ɗaya ba ne, kada kowa ya auna da shi. Abin da ya taimake ni shi ne jera kaya hawa uku: na ciki mai kama jiki irin Heattech na kamfanin tufafi Uniqlo, suwaita a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska. Hikimar ita ce kina shiga jirgin ƙasa ko shago zafi zai dame ki, dole ki iya cire na sama. In kika yi gumi a ciki kika fito waje, nan ne sanyi ke shigar mutum.

Mu mata kuma muna da sa'a ɗaya, hijabi yana rufe kunne da wuya. Amma doguwar abaya mai jan ƙasa tana kwasar dusa, ta narke a ɗaki ta jiƙe ki har gwiwa. Ki nemi wadda ta tsaya a idon sawu, da wando mai kauri a ciki.

Uwar_Biyu_Sendai
Ƙari a kan na Bajoshiya: kairo. Wata 'yar jaka ce kamar ta ganyen shayi amma ta fi girma, da an buɗe ledarta sai ta ɗau ɗumi na sa'o'i da yawa. Akwai ta aljihu, akwai mai mannewa a riga, akwai ta cikin takalmi. A kan riga ake manna ta, ba a kan fata ba, kuma kada yarinya ta kwana da ita, tana iya ƙona ta a hankali ba ta ji ba. Wayarki ma ki sa ta aljihun ciki, sanyi na shanye batir da wuri.

Kumasi_Zango
Ku yi mini bayani, me ake gani a bikin nan har mutum zai ƙetare duniya dominsa?

Injiniya_Kita18
Ɗan'uwa, gani ya kori ji, amma bari in gwada. Odori wani dogon fili ne da ya ratsa tsakiyar gari, kusan kilomita ɗaya da rabi. A makon bikin, farkon Fabrairu, sai a cika shi da gine-ginen dusa, wasu tsayinsu ya kai mita 15, kamar bene mai hawa huɗu ko biyar. Fadoji, manyan gine-ginen tarihi na ƙasashe, dabbobi, da 'yan tsanan zanen da yara ke so. Da dare a haska su da fitilu masu launi. A Susukino kuma na ƙanƙara zalla ne, garau kamar gilashi. Akwai wuri na uku, Tsudome, can ne na yara, da tudun dusa da ake sulalowa a kan taya.

Asalinsa ƙarami ne. A 1950 ɗaliban sakandare suka gina guda 6 a Odori. Daga 1955 sojojin Japan suka shigo da motoci da ma'aikata suna gina manya. Da garin ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1972 sai duniya ta san shi, yanzu kuwa mutum wajen miliyan 2 ke zuwa kallo. Washegarin rufewa kuma a sa katafila ta rushe su duka, don kada su faɗo wa mutane.

Hajiya_Otaru
Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Cunkoson Odori a makon nan ba na ƙaramar yarinya ba ne, musamman da dare da ƙarshen mako. Ana tafiya ne a jere gefe ɗaya, ƙasa ta zama gilashi saboda yawan ƙafa, ita kuma ba abin da za ta gani sai bayan rigunan manya in ba a saɓa ta a kafaɗa ba. Ku je da hantsi ranar aiki, awa ɗaya ta isa, ku sauka ƙasa ku ji ɗumi.

Sannan ku zo garin Otaru. Daga Sapporo bai fi minti 40 a jirgin ƙasa mai sauri ba, kuma wani ɓangaren hanyar bakin teku yake bi, ruwa a dama, dusa har bakin ruwan. A Fabrairu ana kunna kyandirori cikin ƙananan ramukan dusa a gefen tsohon magudanin jiragen ruwa, tun 1999 ake yi. Shekarata takwas a nan, har yau in na tsaya wurin bayan magariba sai na yi tasbihi.

Abin da yarinyarki za ta fi tunawa ma ba bikin ba ne. A nan iyaye mata ba sa tura keken jarirai a kan dusa, wani ɗan kwale-kwalen roba ne da igiya, a zaunar da yaro a ja shi zuwa kanti. Ki sa babanta ya saya mata tun ranar farko.

Malam_Na_Zariya
Tambayata ita ce ibada. Yaya ake alwala a irin wannan wuri, akwai ma masallaci?

Injiniya_Kita18
Akwai masallaci a Sapporo, Malam, kusa da jami'ar ma yake, ana Juma'a, ɗalibai daga Indonesiya, Malesiya, Bangladash, Masar da ƙasashenmu duk nan ake haɗuwa. Alwala a gida ba wahala, famfo na da ruwan ɗumi. Lokutan ne ke matsewa: azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar wajen biyu da rabi, magariba kafin biyar. In an fita yawo da hantsi sai a tarar salla biyu sun riski mutum a waje. Wani abu kuma, Maman Ilham: alƙibla a can yamma ce da ɗan karkata arewa. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", sai an kula.

AlmajirinIlimi
Sauƙin shi ne ta yi alwala a gida ta sa safa mai kauri, in alwala ta karye ta shafa a kai. Matafiyi kwana uku, mazauni yini da kwana.

Malam_Na_Zariya
A yi hattara. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, shafa a kan huffi ake yi, wato na fata wanda ya rufe idon sawu, ba safar zare ba. Halarcin shafa kan safa mai kauri maganar Hanbaliyya ce da wasu malamai. Ban ce wanda ya bi su ya yi laifi ba, amma a gaya wa mutum saɓanin. Huffi kuwa ana samunsa a kasuwar Kurmi da wajen masu kayan alhazai, ba nauyi gare shi ba, ta saya ta huta da shakka.

AlmajirinIlimi
Na karɓi gyara Malam, ya kamata in ambaci saɓanin. Sai dai huffi cikin takalmin dusa yana matsewa, a sayi takalmin da ɗan sarari.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a mas'alar huffi ta wadatar haka, mai son ƙari ya buɗe mata zare daban. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Baban_Yara_Nagoya
To ni zan kawo abin da ba a faɗa ba. Ina Sapporo a Fabrairun 2022 lokacin da dusa ta sauka da yawa cikin kwana ɗaya har jiragen ƙasa na yankin suka tsaya cak na kwanaki, har da mai zuwa filin jirgi. Na ga mutane da akwatuna sun yi dogon layin bas, wasu sun kwana a filin jirgin. Ba kowace shekara ake haka ba, amma soke tashin jirgi saboda dusa abu ne da aka saba a New Chitose. Dalilin yana da sauƙin fahimta: iska mai sanyi daga Saberiya ce ke ratsa Tekun Japan, ta kwashi danshi, ta zo ta juye shi a gefen yamma na tsibirin Hokkaido, inda Sapporo take. In ta tashi juyewa ba mai hana ta.

Don haka ranar komawa kada a haɗa jirgin Sapporo zuwa Tokyo da na barin ƙasa a rana ɗaya in tikitin daban-daban ne. A sauko Tokyo kwana ɗaya kafin. A duba kuma, filayen Tokyo biyu ne, Narita da Haneda, tsakaninsu tafiya ce ta fiye da awa ɗaya. Mace ita kaɗai da yarinya da akwatuna bayan doguwar tafiya, bai kamata a ce ta canza fili ba. Shi maigidan in zai iya ya sauko Tokyo ya tarye su, awa ɗaya da rabi ne a jirgi.

Kuma ki tambaye shi tsakani da Allah kwana nawa zai samu. Shekarar karatu a Japan a Maris take ƙarewa, Fabrairu lokacin kare kundin bincike ne, ɗakunan gwaji a cike suke da aiki. Kada ki je ki wuni a ɗaki ke da yarinya har dare.

Maman_Ilham
Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Na tambaye shi yanzu, ya ce malaminsa ya ba shi kwana biyar cur, sauran kuma zai riƙa dawowa da wuri. Ya ce akwai matar wani ɗan Sudan a benensu da ke jiran zuwana.

Uwar_Biyu_Sendai
To ai kin samu 'yar'uwa. Batun abinci: kada ki ɗauko kilishi ko dambun nama, ko na tsaraba ne. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi, akwai karnuka masu sunsuna kaya a filin jirgi, kuma akwai tara mai nauyi. Mijinki da ke fannin dabbobi ya fi ni sanin dalili. Yaji, kuka da daddawa ki tambaye shi ya duba ƙa'idar tsirrai tukuna, abin da kika ɗauko kuma ki nuna shi a wurin dubawa.

A gari kuma a kula da ramen, taliyar da Sapporo ta yi suna da ita. Romon yawanci na ƙashin alade ne ko da ba ki ga nama a kai ba. Ki haddace wannan harafin, 豚, shi ne alade. Miya da yawa kuma ana zuba musu mirin ko sake, dukansu giya ce ta shinkafa.

Hajiya_Otaru
Haka ne, amma kada a tsorata ta. Hokkaido gidan kifi ne. Kaguwa, kifin salmon, ƙwan kifi, ga dankali, masara, madara da man shanu masu kyau. A kasuwar Nijo za a gasa miki kifi da gishiri kawai ki ci da shinkafa. Akwai kuma miyar kori mai ruwa-ruwa da kaza da kayan lambu, a Sapporo aka ƙirƙiro ta, tana kama da farfesunmu, akwai wuraren da ke yin ta halal, 'yan masallaci za su nuna muku. Gasasshen naman rago da suke kira jingisukan shi ma sai an nemi na halal.

Ɗan_Damagaram
Maganar Hajiya ta ruwa na daskarewa a famfo fa gaskiya ce, kada a ce tsohuwa ta faɗi son ranta. A tsofaffin gidajen haya, in dare zai yi tsanani ko za a yi tafiya, sai an rufe ruwa an tsiyaye bututu, in ba haka ba ya daskare ya fashe. Duk ɗalibin da ke can an koya masa wannan tun shekarar farko. A Asahikawa, arewa da Sapporo, an taɓa auna digiri 41 ƙasa da sifili a 1902, shi ne mafi ƙanƙanta a tarihin awon Japan. Sapporo ba ta kai nan, amma tsoronta yana da tushe.

Anti_Balaraba
Yawwa, Allah ya yi maka albarka. Ni abin da nake so ke nan, a girmama maganarta. 'Yata, ga dabara: ki sa ɗanta ya kira ta ta bidiyo daga cikin ɗakinsa yana sanye da 'yar shara, ya nuna mata hita, ya buɗe famfo ta ga tururi, ya leƙa da wayar ta taga ta ga yaran unguwa na wasa a waje. Daga bakinsa za ta fi yarda, ba daga naki ba. In ta ce a tafi, ki nemi addu'arta. In ta ƙi, ni dai har yanzu ina ganin a haƙura.

Bajoshiya
Anti, in aka haƙura kuma yarinya ta ƙara wata shida ba ta ga ubanta ba fa? Shekararta uku ya tafi. Wannan ma abin dubawa ne.

Kumasi_Zango
Ni tambaya ta ƙara zo mini. In mutum ba ya son cunkoson bikin, ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris akwai sauran dusa?

Injiniya_Kita18
Akwai sosai, takan kai ƙarshen Maris a ƙasa. Masauki ma ya fi araha bayan biki. Sai dai a Maris ta fara narkewa da rana, tituna su yi caɓi, da safe kuma santsin ya fi na Fabrairu muni. Ga mai son hawa dutsen Moiwa a keken igiya ya ga fitilun gari da dare, ƙarshen Fabrairu ya fi, layi ba shi da tsawo.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwafe duk abin da aka faɗa. Yau da daddare zai kira Hajiya ta bidiyo kamar yadda Anti ta ce, can safiya ce tunda sun riga mu da awa takwas, za ta ga garin da haske. Ban san me za ta ce ba. Na auna ƙafar Ilham, santimita 17 ce. Hajiya Otaru, daidai zai saya ko ya ƙara saboda safa?

Hajiya_Otaru
Ya sayi 18, mai tsawo har ƙwauri, da abin rufe bakin takalmin don kada dusa ta shiga ta sama. Safar hannu kuma biyu, mai hana ruwa shiga, don ta farko za ta jiƙe kafin azahar.